Yadda Farfesa Ya Goge Motar Surukarsa

Motar baƙa ce, tsohuwa amma da sauran ƙarfinta, kuma ba ta Farfesa ba ce. Abin da duk layin bai sani ba ke nan. Wata tara da tarewarsa a unguwar, kullum da safe sai ya fito yana kaɗa makulli a ɗan yatsa, ya tsaya ƙofar shagon mai aski yana koya wa mutane yadda ake zaɓen mota da irin wahalar da ya sha kafin ya samu wannan. Yawan bayanin ne ya ja masa sunan. Babu maganar da za a ɗauko, daga ciwon haƙori har kusufin wata, da ba zai gyara tsayuwa ya ce shi ya daɗe da sanin sirrinta ba.

Motar ta surukarsa ce, uwar matarsa, tsohuwar nas da ta yi ritaya take zaune can wani gefen gari. Mijinta ne ya rasu ya bar mata, ita kuma ba ta tuƙi. Sai ta ba Farfesa makulli a kan ya riƙa kai ta asibiti da kasuwa, sauran lokaci motar ta kwana a ƙofar gidansa. In zai je ɗaukarta sai ya ce wa mutanen layi bari ya je ya taimaka wa tsohuwa, zuciyarsa ba ta iya jure a ce tana tsaye tana jiran tasi shi kuwa ga mota a hannu.

Ranar Laraba da ya sauke ta, ba ta shiga gida ba. Ta zagayo gaban motar ta ja yatsa a kan bonet, ta ɗaga yatsan ta dube shi irin kallon da ta saba yi wa bandejin da aka kwana uku ba a sake ba. Ta ce fenti ya koɗe, kuma a hannunsa ya koɗe.

"Asabar ƙarfe huɗu za ka zo ka ɗauke ni. In na gan ta a haka, makulli zai koma hannun mijin ƙanwar matarka."

Wannan mijin ƙanwar malamin makaranta ne, mutum shiru-shiru mai keke, wanda Farfesa yake gaisawa da shi da kan yatsu. A ce shi zai riƙa wucewa da baƙar motar, Farfesa kuma ya tsaya ƙofar mai aski hannu wayam yana neman abin da zai faɗa wa jama'a? Ya ce wa surukar ta kwantar da hankalinta, ranar Asabar sai ta gyara ɗaurin kallabinta a jikin ƙofar motar.

Asabar da sassafe ya dawo daga kasuwa da gwangwani biyu na man sheƙin mota, irin mai kauri kamar kakin zuma. Mai sayarwar ya gaya masa a shafa kaɗan-kaɗan, a inuwa, wuri ɗaya bayan ɗaya, a goge da tsumma tun bai gama bushewa ba. Farfesa ya saurare shi da tausayi. Shi a nasa nazarin fenti kamar fatar mutum yake, yana da ƙananan ƙofofi, rana ce take buɗe su. Fatar da ta daɗe a bushe kuwa ba a yi mata rowar mai.

Ya matsar da motar daga gindin katanga zuwa tsakiyar rana. Ya sa hannu cikin gwangwani ya riƙa kwasowa yana yaɓawa kamar mai gyaran bango. Ya bi bonet da rufi da ƙofofi, ya bi gilasai, ya bi baƙar robar da ta zagaye tagogi, ya bi fitilu da lamba. Ragowar da ta maƙale a gindin gwangwani na biyu ya raba wa tayoyi don kada su ce an yi musu wariya.

Matarsa ta leƙo da tsintsiya a hannu, ta ɗauki gwangwanin da ya wofintar ta juya bayansa. Ta ce ita dai ga shi an rubuta kada a shafa a rana, kada ya taɓa roba.

"Wanda ya rubuta wannan ya taɓa ganin ranarmu?"

"Baban yara, shi dai ya yi man."

Ya ce yin mai daban, sanin mota daban. Ya wanke hannu ya shiga ɗaki ya miƙe, ya ce kada wanda ya tashe shi sai motar ta ƙoshi.

Da ya fito wajen ƙarfe ɗaya sai ya tarar da farar mota. Fara fat, daga sama har ƙasa, da shatin yatsunsa a ko'ina kamar an tsefe ta. Mai aski na zaune a benci yana jiransa, ya tambaye shi ko ya sayar da baƙar ne ya sayo ta ɗaukar marasa lafiya. Maƙwabciyarsu tela, wadda kekenta na ɗinki yake bakin ƙofa, ta ce ita ta ɗauka ƙuraje ne suka fito wa motar aka shafa mata magani, har tana shirin hana yara zuwa kusa.

Farfesa ya yi murmushin wanda ya san abin da ba su sani ba. Ya ɗauki tsumma ya goga. Tsumman ya wuce sumul, bai ɗauko komai ba. Ya danna da ƙarfi, ya sa gwiwa a bamba ya danna, har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya sa farce ya kankare, ɗan abin da ya fita bai kai ƙwayar shinkafa ba, farcen kuma ya karye. Ya watsa bokitin ruwa, ruwan ya dunƙule ya gangare ya bar farin nan yana kallonsa.

Ya juyo ya sanar da layin cewa mataki na farko ya kammala yadda aka tsara. Mataki na biyu na inji ne, da ma hannu ba ya yin wannan aikin a ƙasashen da suka ci gaba.

Mai aski ya ce ai akwai mai fenti a bayan kasuwa, yana da injin goge mota da ke juyawa a hankali da soso mai laushi, ya kai masa mana. Farfesa ya ce shi ba ya ba baƙon hannu motarsa. Abin da bai faɗa ba shi ne mai fentin nan ya san motar tun zamanin marigayi, ya san mai ita, bakinsa kuma ba ya riƙe ko ruwa.

Sai ya tsallaka titi wajen mai walda, ya nuna injin da yake yanka ƙarfe da shi, yake kuma kankare tabon walda. Mai walda ya ɗage baƙin gilashin idonsa ya tambaye shi me zai yanka. Farfesa ya gaya masa.

"Farfesa, wannan ƙarfe yake ci."

"Juyi ai juyi ne. Abin da na mai fenti zai yi a awa ɗaya, naka zai yi a minti biyar. Lissafi ne kawai."

Mai walda ya so ya cire faifan mai kaushi da ke bakin injin, Farfesa ya hana. Ya ce a bar shi, shi ne zai ba tsumma gindin zama. Mai walda ya ce to shi dai ya faɗa, kuma yana da ƙofar mutane da zai gama yau, babu ruwansa. Farfesa bai kai tsakiyar titi ba mai walda ya kashe wutarsa ya biyo shi, don irin wannan ba kullum ake gani ba.

Wayar injin ba ta kai gidan Farfesa ba, sai aka jona doguwar waya daga soket ɗin mai aski. Farfesa ya shiga gida ya ɗauko tawul ɗin wankan matarsa, ya naɗe faifan da shi ya ɗaure da igiya. Ya sa babbar farar rigarsa, wadda da ma da ita ya shirya zuwa ɗaukar surukar, domin ya ce aikin minti biyar ba ya buƙatar sauya kaya. Ya roƙi jama'a su matsa baya. Jama'ar lokacin sun kai goma sha.

Ya danna maɓalli. Injin ya yi kururuwa ya fizgi hannunsa, tawul ɗin ya buɗe kamar lema ya tashi fiu, ya tsallake rufin motar ya sauka a kan keken tela, ya share faranti guda na maɓallai da allurai zuwa cikin kwata. Tela ta miƙe a hankali. Ta ce maɓallan nan na rigar mutane ne, kuma an sayo su daidai ba ragowa, shi zai shiga kwatar ko ita. Farfesa ya ce gwaji ne aka yi don a san ƙarfin igiya, kuma an sani.

Ya sake shiga gida. Matarsa ta tare ƙofar ɗaki, ya bi ta ƙarƙashin hannunta ya fito da rigar sanyinta ta ulu. Ta biyo shi har waje tana cewa ƙarfe uku saura, ya bari ta kira Mama a gaya mata gaskiya, ko a ce motar ta ƙi tashi. Ya ce in ta taɓa wayar nan ba su shirya ba. Ya ninka rigar huɗu a kan faifan, wannan karon ya ɗaure ta da wayar ƙarfe, ya murɗe da fulaya.

Abin haushin shi ne ya yi aiki. Da ulun ya taɓa bonet sai farar ƙura ta tashi ta rufe na gaba-gaba, mutane suka hau tari da kakkaɓe gira. Da ta lafa sai ga wata da'ira baƙa wuluk, faɗin tire, tana ɗaukar ido, har ana ganin gajimare a ciki. Mai aski ya ce lallai. Mai walda ya sosa ƙeya. Ita kanta tela ta ɗago kai daga bakin kwata.

Da Farfesa ya iya yin shiru na minti goma, da wataƙila labarin ya tsaya nan. Amma ga mutane, ga nasara, ga baki. Ya mayar da injin kan bonet, ya juya fuskarsa ga jama'a, ya fara bayani da ƙarfi don ya rinjayi ƙarar. Ya yi maganar ƙofofin fenti. Ya yi maganar masu ƙananan sana'a da ke tsoron gudu. Ya ce duk mai mota a layin nan, in Allah Ya ba wani, ya kawo masa kyauta zai koya masa. Duk tsawon wannan huɗubar injin na zaune wuri ɗaya, shi kuma ya jingina nauyinsa a kai.

Mai walda ne ya fara jin warin, don hancinsa ya san shi. Ya ɗaga hannu, Farfesa ya ce tambaya sai ƙarshe. Sai hayaƙi. Sai ƙarar ta sauya daga kuka zuwa ƙaraurau, tartsatsi ya fara fita ta gefe.

Farfesa ya ɗaga injin. Tsakiyar ulun ta cinye ƙurmus, sai wayar ƙarfe da faifai. A tsakiyar bonet ga rami mai zobe uku, baƙi a waje, toka-toka a ciki, can tsakiya kuma ƙarfe tsirara yana walƙiya.

Farfesa ya sunkuya ya hura wurin, ya shafa da babban yatsa, ya janye da sauri don zafi. Ya ce wannan shi ne asalin sheƙin da kamfani yake ɓoyewa a ƙarƙashi, ba kowa yake kai wa gare shi ba. Abin da ya rage kawai a sassauta gefen don ya saje da sauran.

"Farfesa, ba ni injina."

"Yanzu ka ga aiki ya fara kyau?"

Ya juya sauran ulun da bai ƙone ba ya sake dannawa. Sassauta gefen ya haifi rami na biyu, gyaran na biyun ya haifi na uku, bonet ya koma kamar murhu mai kai uku. Ya matsa sama wajen gilashi, wani zaren ulu ya kamo waifa mai share gilashin, injin ya tumɓuke ta daga tushe ya aika da ita bayan katangar wani gida, inda kaza ta yi ƙara. Farfesa ya yi tsalle baya. Hannun babbar rigar ya lilo ya taɓa faifan.

Abin da ya biyo baya ba wanda ya gan shi daidai, kowa da nasa. An dai ga rigar tana shigewa cikin injin kamar ana jan zare, an ga Farfesa yana juyi yana bin ta, an ji injin ya ja dogon layi a jikin ƙofar direba tun daga madubi har marfin tanki. Sai wani abu ya yi ɗas a shagon mai aski, komai ya mutu.

Farfesa ya tsaya da injin manne a hammatarsa, rigar ta naɗe har wuya, hannu ɗaya a sama kamar ɗalibin da ya san amsa. Fuskarsa fara fat da garin kaki, sai idanu. Daga cikin shago wani mutum mai jiki ya fito da zanen aski a wuya, rabin kansa tal, rabin kuma gashi cunkus. Ɗan'uwan mai aski ne yake yi masa aski wutar ta ɗauke. Ya tambaya cikin ladabi wane ne ya ƙona fis, don yana da taro ƙarfe biyar kuma yana so ya san wanda zai tafi da shi wurin.

Ana cikin wannan tasi ta tsaya a bakin layi. Ƙarfe huɗu da rabi ta wuce, wayar Farfesa ta yi ta ƙara a ɗaki ba mai ɗauka. Wata tsohuwa gajera mai farin gilashi ta sauko da jaka a hannu, ta taho ba sauri. Matar Farfesa ta ce Mama sannu da zuwa da wata irin murya, ta koma bayan tela ta tsaya.

Tsohuwar ta wuce kai tsaye. Ta zagaya motar sau ɗaya, a hankali, yadda take zagaya gadon mara lafiya. Ta leƙa ramukan bonet. Ta bi layin ƙofa da ido daga farko har ƙarshe. Ta taɓa gurbin waifa.

Mai aski, wanda ba ya son ganin babba cikin damuwa, ya matso ya gaishe ta. Ya ce Hajiya ta yi haƙuri, yau dai sai ta koma da tasi, surukinta ya gamu da tsautsayi a motarsa. Amma mutumin kirki ne, duk layin nan shaida ne yadda yake barin harkokinsa ya je ya taimaka mata da ita.

"Motar wa?"

"Motarsa, Hajiya."

Ta cire gilashinta ta goge da bakin mayafi ta mayar. Ta dubi Farfesa. Shi kuma ya yi ƙoƙarin durƙusawa ya gaishe ta, injin ya hana.

"Hajiya, aikin bai ƙare ba ne. Mataki na biyu ake ciki. In aka kai na uku—"

"Akwai na uku?"

Ya yi shiru. Mai walda ya ce tun da ya san shi yau ne ya fara ganin haka.

Ba ta ɗaga murya ba, shekara talatin tana ba da umarni a ɗakin haihuwa ba ta taɓa buƙata ba. Ta gaya wa mai aski, yadda na ƙarshen layi ma zai ji, cewa motar mijinta ce, takardunta na cikin jakar nan da sunanta, wannan kuma direba ne da ta ɗauka don yana auren 'yarta, ko man da ke cikin tankin ita ta zuba. Tela ta ce ikon Allah, ashe wahalar da ya ce ya sha kafin ya samu motar ta zuwa ɗaurin aure ce. Mai rabin kai ya manta da taronsa ya zauna a benci.

Tsohuwar ta miƙa tafin hannu. Farfesa ya laluba da hannun da ya rage masa, ya rasa aljihu. Aljihun na cikin injin tare da rabin rigar. Sai da tela ta kawo almakashi, ta ce wannan aikin kam ba za ta karɓi komai ba, ta yanka rigar daga wuya har ƙasa. Mai walda ya warware tsummokaran ya zaro makullin ya ba mai shi, ya rungume injinsa yana duba lafiyarsa. Farfesa ya rage daga shi sai singileti da wando.

Ta ce yanzu za a kai motar wajen mai fenti, kuma daga can malamin makaranta ne zai ɗauko ta. Farfesa ya ga 'yar ƙofa. Ya ce to bari ya tuƙa ta zuwa can, tunda malam ba ya nan kuma ba wani direba a kusa.

"Kai da tayar da injin motar nan har abada."

"To Hajiya, ya za a yi ta je?"

Ta karɓi almakashin tela, ta kankare farin da ke gilashin gaba daidai faɗin fuskarta. Ta buɗe ƙofar direba ta zauna, ta ɗora jaka a cinya, ta sa makulli ta murɗa sau ɗaya don sitiyari ya saki. Ta ce shekara arba'in tana zaune a gefe tana kallon yadda ake juya wannan abin, ba ta ga wani sirri a ciki ba. Ta sa mai walda ya sauke mata birkin hannu ya nuna mata na ƙafa.

"Bayan kasuwa ne, ka san hanya. Tura."

Farfesa ya dubi layin. Ba wanda ya motsa don taimako, amma kowa ya gyara tsayuwa don rakiya, har mai rabin kai da zanensa a wuya. Daga nan zuwa bayan kasuwa akwai hawa biyu da mahaɗar titi. Ya zagaya baya, ya tofa yawu a tafukan hannunsa, ya ɗora su a kan murfin but ya sunkuya.

Tagar direba ta sauka. Farin gilashin ya leƙo.

"Ɗauke min hannunka daga kan fenti. Ta bamba za ka tura."